Jirgin Da Ba Ya Zuwa Ko'ina: Tarihin Yawon Shaƙatawa A Teku

Yau teku za mu shiga, don haka wanda ya san ko kwale-kwale ya hau sai cikinsa ya juya, to ya gyara zama tun yanzu.

Akwai wata kalma da ta cika bakin matasanmu a soshiyal midiya. Mutum zai saki magana, a yi masa ca, sai ya dawo ya ce haba, ai "cruise" ne kawai. To a Turance wannan kalma sunan wata irin tafiya ce a jirgin ruwa. Za ka biya kuɗi masu kauri ka shiga jirgi, a yi ta yawo da kai mako guda ko biyu, sannan a dawo da kai daidai tashar da aka ɗauko ka. Ba fatauci ka je ba, ba karatu ba, ba gaida dangi ba. A shekarar 2023 kaɗai, mutum sama da miliyan 30 ne suka yi irin wannan tafiya. Kuma in ka leƙa tallan kamfanonin za ka tarar kowa da jirginsa. Masu iyali da nasu, ma'auratan da ba sa son kukan yara da nasu, tsofaffi 'yan fansho da nasu, attajirai da nasu, har masu son su je ƙarshen duniya su kalli ƙanƙara an tanadar musu. Abin da nake so mu bi diddiginsa yau shi ne yadda aka yi aka rarraba mutane haka. Domin shekaru ɗari biyu da suka wuce, in ka ce wa Bature za ka shiga teku don jin daɗi, kallon mahaukaci zai yi maka. Teku wurin amai ne da ruɓaɓɓen abinci da nutsewa, sai dole ke kai mutum can.

Mu fara cire Titanic daga lissafi, don na san shi ya fara faɗo muku a rai. Titanic jirgin jigila ne, kamar dai motar safa amma ta teku, aikinsa ya kwashi mutane daga Ingila ya sauke su a New York. Sai dai akwai abu guda a cikinsa da nake so ku riƙe, wato aji-aji. Masu kuɗi suna benen sama, matsakaita suna tsakiya, talakawa masu gudun hijirar neman abinci suna can ƙasa kusa da inji. Da ya nutse a 1912, cikin 'yan ajin farko kusan mutum shida cikin goma sun tsira, amma a aji na uku da ƙyar aka samu ɗaya cikin huɗu. Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa.

Cikin waɗanda suka fara gwada sayar da tikitin yawo kawai akwai kamfanin P&O na Birtaniya. Asalin sana'arsa kai wasiƙun gwamnati ce zuwa Sifaniya da Fotugal, daga baya har Iskandariya ta Masar. Tunda jiragen dole su tafi ko da fasinja ko babu, a 1844 sai suka ce me zai hana a cike ɗakunan da masu son ganin duniya? Suka ba wani marubuci mai suna William Thackeray tikiti kyauta, ya zaga Malta, Atina, Santambul, Ƙudus da Alƙahira, ya dawo ya rubuta littafi. Kun ga ke nan ba yau aka fara ba mai mabiya kaya kyauta don ya yi talla ba. Sai dai jiragen na wasiƙu ne, ka sauka daga wannan ka jira wancan. A 1867 kuma wani jirgi mai suna Quaker City ya tashi daga New York da masu yawo zalla, ya yi kusan wata biyar yana zaga Bahar Rum. Kuɗin kujera dala 1,250, kuɗin da ma'aikaci na wancan zamani zai yi shekaru bai tara ba. Wata jarida ta biya wa wani matashin ɗan jarida, Mark Twain, ya bi su. Ya tarar yawancinsu dattawa ne masu tsananin ibada, ya yi ta yi musu shaƙiyanci a rubuce. Littafin da ya fitar a 1869 a kan tafiyar shi ne ya fi duk littattafansa kasuwa a lokacin rayuwarsa.

A shekarar 1869 ɗin dai, a nan nahiyarmu, wani Bature mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirage biyu masu tafiya da tururi ya hau Kogin Nilu da ayarin masu yawon buɗe ido. Kafin shi, Baturen da ke son ganin kushewun Fir'auna sai ya yi hayar jirgi mai filafilai, ya yi ta jiran iska, tafiyar ta ci watanni. Cook ya mayar da ita ta kusan mako uku, da abinci da tafinta da jakin hawa duk a cikin kuɗi ɗaya. Nan aka haifi yawon kogi. Kamfanin ya riƙe Nilu riƙon da a 1884, da sojojin Birtaniya suka tashi zuwa Khartum ceton Janar Gordon daga dakarun Mahadi, shi aka ba kwangilar kwasarsu zuwa Wadi Halfa. Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: daga 1886 zuwa 1893 wannan kamfani ne gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta Indiya ta naɗa ya riƙa shirya wa maniyyata tafiyar Hajji daga Bombay zuwa Jidda. Harkar ba ta kawo riba ba, aka watse.

Amma mutumin da ya cancanci a kira shi uban wannan sana'a Bajamushe ne, Albert Ballin na birnin Hamburg. Bayahude ne, ɗan wani mai ƙaramin ofishin sayar wa masu hijira tikiti, ya yi ta hawa har ya zama shugaban kamfanin HAPAG, kuma aminin Sarkin Jamus. Dukiyar kamfanin daga talakawan Rasha da Folan da sauran gabashin Turai take fitowa, waɗanda ake lodawa a ƙasan jirgi a kai su Amurka. Har wata unguwa guda Ballin ya gina musu a Hamburg a 1901 inda za su kwana a duba lafiyarsu kafin su shiga jirgi. Matsalarsa ita ce lokacin sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris arewacin Tekun Atlantika haukacewa yake yi, fasinja su ƙaurace, manyan jirage su zauna a tasha suna cin kuɗi.

Sai Ballin ya ce a ɗauki jirginsu na ƙwarai, Augusta Victoria, a tura shi inda ake rana. Abokan aikinsa suka ɗauka ya zautu. Ranar 22 ga Janairun 1891 jirgin ya tashi da fasinja 241, shi da matarsa na ciki. Kwana 57 suka yi, suka taɓa Jibralta, Jenowa, Iskandariya, Yafa, Beirut, Santambul, Atina, Malta, Nafoli da Lisbon. Akwai makaɗa, akwai abinci har a ture, har 'yar jarida ake bugawa a cikin jirgin. Suka dawo kowa na santi.

Da ya ga abin ya karɓu, sai ya lura jirgin jigila bai dace da wannan aiki ba. Ya yi nitso da yawa a ruwa, ba ya iya shiga ƙananan tashoshi, kuma rabin cikinsa ɗakunan talakawa ne da attajiri ba zai kwana a ciki ba. Don haka a 1900 ya sa aka ƙera jirgi na farko a duniya da aka yi shi musamman don yawo, ya sa masa sunan 'yar sarki, Prinzessin Victoria Luise. Fari fat, ɗaki 120, duka na ajin farko. Akwai laburare, akwai ɗakin motsa jiki, har da ɗaki mai duhu na wanke hoto. Ku lura da abin da ya faru a nan: ajin farko ya tattara nasa ya nasa ya bar sauran azuzuwan, ya koma jirginsa shi kaɗai. Jirgin bai yi tsawon rai ba. A daren 16 ga Disambar 1906, kusa da Kingston ta Jamaika, kyaftin ɗin ya rikita hasumiyar fitilar da ke nuna hanya da wata, ya ɗora jirgin a kan duwatsu. An kwashe fasinja duka lafiya, amma shi ya shiga ɗakinsa ya harbe kansa. Shi ma Ballin ƙarshensa bai yi daɗi ba. Ya rasu ranar 9 ga Nuwambar 1918, ranar da sarautar Jamus ta rushe, yana kallon Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye jiragen da ya yi rayuwarsa yana tarawa.

Bayan yaƙin, dokoki biyu na Amurka suka sake juya harkar. A 1921 da 1924 aka ƙayyade yawan baƙin da za su shiga ƙasar, sai ƙasan jirage ya zama wayam. Kamfanoni suka shafa wa ɗakunan fenti, suka canza musu suna zuwa ajin masu yawon buɗe ido, suka sayar wa ɗalibai da malaman makaranta. Doka ta biyu ita ce haramta giya daga 1920 zuwa 1933. Da zarar jirgin wata ƙasa ya fita daga ruwan Amurka sai a buɗe mashaya, saboda haka aka samu tafiye-tafiye na 'yan kwanaki zuwa Havana da Nassau waɗanda kowa ya san abin da ke kai mutane. A ɗaya gefen kuma, a 1922 jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya ɗauki masu hannu da shuni ya zagaye duniya da su cikin wata huɗu da ɗoriya. Har yau ana yin waɗannan biyun, gajeriyar tafiyar sharholiya da doguwar zagayen duniya, kuma har yau mutanensu ba sa haɗuwa.

Yanzu ga wani babi mai ɗaci. Waɗanda suka fara gina babban jirgin shaƙatawa don ma'aikata talakawa 'yan Nazi ne. A 1933 Hitler ya murƙushe ƙungiyoyin ƙwadago, ya kafa wata hukuma da za ta riƙa shirya wa ma'aikata hutu mai rahusa, wato a ƙwace maka baki a ba ka yawo. A 1937 aka ƙaddamar da jirgin Wilhelm Gustloff, mai ɗaukar fasinja kusan 1,500. Babu aji a cikinsa, ɗakunan kusan iri ɗaya ne, lebura da akawu tebur ɗaya. Ana kai su gaɓar Norwe su kalli duwatsu, ko Italiya su sha rana. Amma wannan daidaito na wanda gwamnati ta yarda cikakken Bajamushe ne kawai, Bayahude ko ɗan adawa ko ƙofa ba zai gani ba. A 1938 har rumfar zaɓe aka mayar da jirgin, aka kai shi kusa da Landan don Jamusawa da 'yan Ostiriya mazauna Ingila su jefa ƙuri'ar amincewa da haɗe ƙasashen biyu.

Da yaƙi ya ɓarke sai ya zama asibiti, daga baya barikin soja. Ranar 30 ga Janairun 1945 ya tashi daga tashar da yau ake kira Gdynia a Folan, maƙare da mutum sama da dubu goma masu gudun sojojin Rasha, yawancinsu mata da yara. Cikin dare wani jirgin yaƙin Rasha na ƙarƙashin ruwa ya sakar masa makamai uku. Ana ƙiyasin mutum kusan 9,000 suka mutu a ruwan da ke daf da daskarewa. Ya ninka na Titanic kusan sau shida, kuma babu jirgi guda a tarihi da ya taɓa nutsewa da rayuka masu yawan haka. Ku tambayi abokanku, da wuya ku samu wanda ya taɓa jin sunansa.

To, sai 1958. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin Pan Am ya fara tashi da Boeing 707 daga New York zuwa Faris. Jirgin ruwan da ya fi kowane gudu a lokacin, SS United States, kwana uku da sa'a goma ya yi kafin ya tsallake Atlantika, saura kuwa kwana biyar ne ko fiye. Jirgin sama ya zo ya mayar da tafiyar ta sa'o'i. Cikin shekara goma aka kusa gamawa da jiragen jigila. Queen Mary ya yi ritaya a 1967, yanzu otal ne a Kalifoniya. United States ya tsaya a 1969. Mu ma abin ya shafe mu. Akwai jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas tun 1951, yana yada zango a Saliyo da Gana, tafiyar kusan mako biyu. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da yawa na wancan zamani a cikinsa suka je Ingila. A 1974 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, wani attajirin Girka ya saye shi ya kai shi Jidda, ya zama masaukin ma'aikata a bakin tasha.

Ga jirage birjik babu aikin yi, ana sayar da su da arha. Nan 'yan kasuwar Miami suka shigo. A 1966 wani ɗan Norwe, Knut Kloster, yana da sabon jirgi mai suna Sunward da ya yi don kai Turawan Ingila Jibralta, amma rikicin siyasa tsakanin Sifaniya da Birtaniya ya kashe masa kasuwa. Wani ɗan Isra'ila mazaunin Miami, Ted Arison, yana da fasinja amma ba shi da jirgi. Suka haɗa kai suka fara kai mutane tsibiran Karibiyan. Daga baya suka ɓata, ɓatawa mai muni kuwa, Arison ya fita ya kafa kamfanin Carnival a 1972 da wani tsohon jirgin jigila da ya sake wa suna Mardi Gras. A fitarsa ta farko, bai ma bar bakin Miami ba ya kafe a kan tudun yashi, da wakilan kamfanonin tafiye-tafiye cike a ciki. Bayan shekara biyu Arison ya sayi kamfanin daga hannun abokin jarinsa a kan dala ɗaya tal, tare da bashin dala miliyan biyar. Yau Carnival ne kamfani mafi girma a wannan harka a duniya.

Dabarar da ta cece shi ita ce ta canza komai. Tsohon jirginsa shan mai gare shi, ba ya iya gasa da sababbi wajen zaga tsibirai da yawa. Sai ya rage gudu, ya rage tashoshi, ya cika jirgin da kiɗa da rawa da gidan caca, ya ce jirgin kansa shi ne wurin zuwa. Tikiti da arha, ribar kuma a tatse ta a ciki: abin sha, caca, hoto, yawon gari in an sauka, yanzu har da kuɗin intanet. Sai talabijin ta ƙarasa aikin. Daga 1977 zuwa 1986 aka yi ta nuna wani wasan kwaikwayo mai suna The Love Boat a Amurka, wanda aka ɗauka a jirgin Pacific Princess, talaka ya gani ya ce ashe ni ma zan iya. Shi kuwa Kloster, a 1979 ya sayi SS France, alfaharin Faransa da ke zaune yana tsatsa tun 1974, ya mayar da shi Norway. Masana suka ce ya yi wa Karibiyan girma. Ya cika maƙil, daga nan aka shiga gasar wa ya fi girma.

Ƙarshen wannan gasa, zuwa yanzu dai, shi ne irin su Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350, ya ninka Titanic kusan sau biyar a girma. Wannan shi ne jirgin masu iyali: wuraren ninƙaya, zamiyar ruwa, filin wasan ƙanƙara, wurin ajiye yara don iyaye su huta. Disney ma ta shigo da nata tun 1998, kuma jiragenta ba su da gidan caca. Ni dai a ganina wanda ya shiga irin wannan bai je teku ba, kasuwar zamani ya je wadda aka ɗora a kan ruwa. Hatta tsibiran da ake sauke su, wasu na kamfanin ne. Tun 1977 kamfanin Kloster ya sayi wani tsibiri a Bahamas, Royal Caribbean kuma ya yi hayar wani yanki mai suna Labadee a Haiti tun 1986, an zagaye shi da shinge. Kuɗin da baƙo zai kashe a can, mafi yawansa aljihun kamfani yake komawa.

Waɗanda hayaniya ta isa kuma sai aka yi musu nasu. Kamfanin Viking, wanda wani ɗan Norwe ya kafa a 1997, ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma babu caca. Ƙarfinsa a kogi yake. A 1992 Jamus ta gama haƙa mashigin da ya haɗa Kogin Rhine da Danube, sai ya zama jirgi zai iya tashi daga Amsterdam ya kai Budapest. Jiragen sirara ne dogaye, fasinja bai wuce 190 ba, kullum ka farka a tsakiyar wani tsohon gari. Jikokin tafiyar Thomas Cook ke nan. Aibinsu ɗaya, in fari ya zo ruwa ya ja, kamar yadda aka yi a 2018 da 2022, sai ka biya kuɗin jirgi ka ƙare a bas. Akwai Saga na Ingila da ba ya sayar wa wanda bai kai hamsin ba. Akwai Virgin Voyages, shi ma ba yara, amma nasa na matasa masu son casu ne.

Masu son kasada kuma Lars-Eric Lindblad ne ya buɗe musu hanya, ɗan Suwidin da ya fara kai masu yawo Antatika a 1966, ya kuma gina musu ƙaramin jirgi mai jure ƙanƙara a 1969. Wannan jirgi ya yi shekara 38 yana aiki kafin ƙanƙara ta huda shi ya nutse a 2007, aka ceto duk mutum 154 da ke ciki. A can dokar kamfanonin ita ce kada fiye da mutum 100 su sauka ƙasa lokaci guda, kuma jirgin da ya haura fasinja 500 ba ya sauke kowa, sai kallo daga nesa. Shi ya sa jirgi yana ƙanƙancewa kuɗinsa na hawa. A can ƙololuwa akwai The World, wanda tun 2002 yake yawo da gidaje 165 da attajirai suka saya suka mallaka. Na baya-bayan nan kuma, a Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da AROYA daga Jidda, yana zaga Bahar Maliya, babu giya babu caca, abinci halal, da wurin sallah. Sai dai duk wanda ke sha'awa daga nan gida ya sani, kafin kuɗin jirgi akwai maganar biza, domin jirgin da zai tashi daga Miami ko ya zaga Turai ba zai ɗauke ka ba sai da bizar wuraren.

Yauwa, mu dawo kan aji-ajin nan da na ce ku riƙe. Kamfanoni suna alfahari cewa an daina shi. Gaskiya ne an daina jera mutane sama da ƙasa a jirgi guda, amma an jera su ne jirgi-jirgi, kuɗinka ya zaɓa maka. Kuma ma abin ya fara dawowa a fili. A manyan jiragen MSC da Norwegian akwai wani ɓangare a sama mai ƙofa da kati, da wurin iyonsa da ɗakin cin abincinsa da masu hidimarsa, sauran fasinja ba sa shiga. A Queen Mary 2, jirgin jigila guda da ya rage yana tsallaka Atlantika tsakanin Southampton da New York cikin kwana bakwai, har gobe kuɗin ɗakinka ne ke nuna ɗakin da za ka ci abinci.

Ƙasan jirgin fa, inda 'yan hijira ke kwana a zamanin Ballin? Yana nan cike da mutane. Ma'aikata ne, yawancinsu daga Filifin, Indonesiya da Indiya, har da 'yan Afirka. Kwantiragin wata shida zuwa tara, aiki kullum babu ranar hutu, mutum biyu ko fiye a ɗakin da ba taga. Akwai wani dogon lungu da ya ratsa jirgin daga kai zuwa gindi wanda fasinja ba ya gani, ma'aikata suna kiransa I-95, sunan babban titin da ya bi ta Miami. Kamfanonin a Amurka suke zaune, amma ku duba tutar da ke bayan jirgin, ta Bahamas ce ko Fanama ko Malta. Da wannan ake kauce wa harajin Amurka da dokar albashinta. Abin da ke kare ma'aikaci shi ne wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 2006 da ta fara aiki a 2013, wadda ta ce dole a ba shi hutun aƙalla sa'a 10 a kowace rana da sa'a 77 a mako. Ku yi lissafi da kanku ku ga sa'a nawa ta rage ta aiki. Kuma tunda na san akwai masu ganin tallan irin wannan aiki a waya, wannan yarjejeniya ta hana dillali karɓar kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci. Abin da za ka biya da kanka bai wuce na fasfo da gwajin lafiya da littafin ma'aikacin jirgi ba. Wanda ya ce ka turo kuɗin gurbi, ka san da wa kake magana.

Garuruwan da ake sauka su ma sun fara gajiya. A Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice, bayan shekaru mazauna suna zanga-zanga cewa igiyar ruwan jiragen na cin tushen gidajensu. A Italiyar dai, ranar 13 ga Janairun 2012, kyaftin Francesco Schettino ya matsa da Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio fiye da ƙima, ya daki dutse, mutum 32 suka mutu. Ya bar jirgin tun da sauran mutane a ciki, kotu ta ɗaure shi shekara 16.

Sai Fabrairun 2020, da korona ta shiga jirgin Diamond Princess aka killace shi a tashar Yokohama ta Japan. Mutum 3,711 ne a ciki, 1,045 daga cikinsu ma'aikata. An ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa. Amma wani ne zai dafa abinci, wani zai kai shi ƙofa-ƙofa sau uku a rana, wani zai kwashe shara. Ma'aikatan suka ci gaba da aiki, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci wuri ɗaya. Mutum sama da 700 suka kamu. Yawancin fasinjoji sun fara sauka ne daga ranar 19 ga Fabrairu, ƙasashe masu ƙarfi suka turo jiragen sama suka kwashe nasu. A sauran jiragen duniya kuwa dubun-dubatar ma'aikata sun yi watanni a kan ruwa, babu tashar da ta yarda su sauka. A Diamond Princess sai ranar 1 ga Maris rukunin ƙarshe na ma'aikata ya fito, kuma mutum na ƙarshe da ya taka matakalar shi ne kyaftin ɗin, Gennaro Arma, shi ma ɗan Italiya, da takunkumi a fuska yana jan akwatinsa.

A nan za mu dakata.